Yadda Ake Tsara Kula da Daji, Ruwa da Wurin Kiwo Tsakanin Ƙaramar Hukuma da Jama'a

Idan aka ɗora maka aikin fitar da tsarin kula da wani daji, ko tafki, ko fadama, ko filin kiwo, ko kai kansila ne, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko shugaban ƙungiyar manoma, abin da kowa zai ce maka shi ne ka kira taro. Ni kuwa na ce ka ajiye maganar taro tukuna. Na daɗe a wannan aiki, wani lokaci ina jagorantar zama, wani lokaci ina gefe riƙe da alƙalami, kuma tsare-tsaren da na ga sun mutu a cikin kabad kusan dukkansu an yi musu taro mai kyau, an cika rajistar mahalarta, an ɗauki hoto. Abin da aka bari shi ne a yanke wa ke da ikon hanawa, wa ke da ikon bari, wa zai karɓi kuɗi. Jama'a ba su shiga tsari ba sai an ba su ikon yanke wani abu, an kuma rubuta ikon a takardar da alƙali zai duba ya yi hukunci da ita.

San abin da ke hannunka kafin ka yi alkawari

Ƙaramar hukuma ba za ta ba jama'a abin da ita kanta ba ta mallaka ba. Saboda haka aikin farko na zama da doka ne, kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Najeriya dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe fili a wajen birni, har hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, amma ya cire ma'adinai, waɗannan na gwamnatin tarayya ne. A Filifin dokar ƙananan hukumomi ta 1991 da ta kamun kifi ta 1998 sun danƙa wa ƙaramar hukuma ruwan teku har kilomita 15 daga gaɓa. A Tanzaniya kuwa an sauko da ikon har ƙauye: dokar filayen ƙauye ta 1999 da ta daji ta 2002 sun ba ƙauye damar keɓe dajinsa, ya kafa masa ƙa'idoji, majalisar gunduma ta amince da su.

Ɗauki takarda ɗaya ka raba ta uku. Abin da za ku iya yankewa da kanku, abin da sai an nemi sa hannun jiha ko ma'aikata, da abin da ba naku ba ne sam. Ka karanta wa mutane wannan takarda a zaman farko, ko da za ta sanyaya musu jiki. Gara su ji tun farko cewa dajin nan gandun gwamnatin sama ne da su shekara suna tsara shi, sannan wata rana su ga motar katako ta shigo da izini daga babban birni.

Su wa ke cin moriyar wurin?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, sai dai wannan ɗaki masu shi da yawa ne, kuma ba duka suke kwana a ciki ba. Tafki ɗaya yana da masunta, da masu noman rani a bakinsa, da mata masu ɗiban ruwa da wanki, da masu buga tubali, da makiyayan da ba sa zuwa sai ruwa ya ƙafe a wasu wurare, da mutanen ƙasa da shi waɗanda rijiyoyinsu ke shan ruwan da yake tsiyayarwa. Daji ɗaya yana da masu itacen girki, masu gawayi, masu zuma, masu sassaƙa, masu magani, mafarauta. Idan ka tambayi shugabannin gari su ba ka sunayen masu ruwa da tsaki, za su ba ka sunayen masu gona da masu faɗa a ji, ba don mugunta ba, don su suke gani kullum.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce tafiya a ƙasa. Ka ratsa wurin daga wannan gefe zuwa wancan tare da mutum uku ko huɗu da ke aiki a cikinsa, kana tambaya kan abin da idonka ya gani. Wa ya sare wannan reshe, kuma me ya sa daga sama aka sare ba daga gindi ba? Sawun shanun nan daga ina suka fito? Wannan rami na mai yashi ne ko na mai tubali? Kowace amsa tana fito maka da wani rukuni da ba ya cikin jerin da aka ba ka. Ka sake tafiyar da wasu mutane dabam, mata zalla idan zai yiwu, za ka ga kamar wani daji ka shiga, domin su hanyoyinsu da bishiyoyinsu da wuraren da suke tsoron bi duk dabam ne.

Bayan tafiya sai taswira. A bar mutane su zana da kansu a ƙasa ko a babbar takarda, kowane rukuni da tasa, kada ma'aikaci ya riƙe musu alƙalami. Inda taswirar manoma da ta makiyaya suka saɓa, ka sa alama, domin a nan rigimar take tun kafin ta tashi. Sau da yawa za ka tarar manomi ya zana gona a inda makiyayi ya zana burtali, kuma duk su biyun ba ƙarya suke yi ba: shekara talatin baya hanya ce, yau gona ce. Daga baya a ɗauki iyakokin da na'urar GPS ko wayar hannu, amma na'ura ta biyo baya. Idan aka fara da hoton tauraron ɗan'adam, mutane sukan yi shiru su bar wa mai kwamfuta magana.

Sai kuma jadawalin shekara: wata-wata, wa ke shiga wurin, me yake ɗauka. Wannan jadawali shi zai gaya maka lokacin da ya kamata a yi zama. Tsarin kiwo da aka kammala a watannin da makiyaya suka yi nisa da dabbobinsu, tsarin manoma ne kawai, kuma ranar da garke ya dawo za a karya shi, masu karyawar ma ba su san da shi ba. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki wannan matsala da muhimmanci a dokarta. Dokar karkara ta 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun kafa kwamitocin filaye a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, inda manoma da makiyaya da mata da matasa da sarakuna da ma'aikatan gwamnati ke zama tare, sannan dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Ko dokar ƙasarku ba ta faɗi haka ba, babu abin da ya hana ku ware wa baƙin kiwo kujera, ku kuma jira su.

Wata 'yar shawara kan zaman kanta. Kada ka haɗa kowa da kowa a zama na farko. Mace mai itace ba za ta ce malamin daji yana karɓar na goro ba alhali yana zaune a gabanta, kuma mai gawayi ba zai faɗi yawan buhunan da yake fitarwa ba a gaban mai tara. Rukuni-rukuni tukuna, kowa ya fitar da abin da yake so da abin da zai iya haƙura da shi, ya zaɓi wakilansa da kansa. Kada ofis ya zaɓa musu. Kuma ni ban goyi bayan raba kuɗin zama ba, in ban da kuɗin mota ga wanda ya zo daga nesa. Da zarar aka fara biya, masu zuwa taron sun canza, waɗanda suka iya zama a kujera su ne za su cika wurin, masu aiki a dajin suna can suna aikinsu.

Ƙa'idoji: kaɗan, kuma waɗanda ido ke gani

Elinor Ostrom, 'yar Amurka da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi shekaru tana nazarin al'ummomin da suka riƙe dukiyar haɗaka ɗaruruwan shekaru ba ta lalace ba. Abin da ya fi burge ni a misalanta shi ne sauƙin ƙa'idojin.

A ƙauyen Törbel da ke duwatsun Suwizalan, tun 1517 aka rubuta cewa babu wanda zai kai shanu makiyayar gari da bazara fiye da adadin da zai iya ciyarwa da kansa a lokacin sanyi. Ba a buƙatar masani ya auna ciyawa. Kowa ya san rumbun harawar maƙwabcinsa, kowa ya san shanu nawa ya fitar da su daga sanyi. A Alanya da ke gaɓar Turkiyya, masunta kusan ɗari da ke ta faɗa kan wuraren da kifi ya fi yawa sun daidaita a shekarun 1970: a watan Satumba a rubuta sunayen masu kamun, a rubuta wuraren kamun, a jefa ƙuri'a kowa ya samu wurin farawa, sannan kullum kowa ya matsa wuri na gaba ta gabas har Janairu, daga nan a juyo yamma. Wanda ya ci wurin wani, mai wurin da kansa zai kama shi da safe, domin ranarsa ce aka ci. Kuma ka lura da inda hukuma ta shigo: kowa ya sa hannu a jerin, aka kai wa magajin gari da jami'in tsaro su ajiye. Masunta suka yi ƙa'ida, hukuma ta zama shaida.

Da wannan ma'auni nake gwada kowace ƙa'ida da aka kawo. Idan aka karya ta, wa zai gani, kuma me zai sa ya damu? "A riƙa sare itace daidai wa daida" ba ƙa'ida ba ce, fata ne. "Ba a sare ɗanyen itace daga gindi a sashen arewa har shekara uku, busasshe kuwa a ɗiba a ranakun da aka sa" ƙa'ida ce. "A rage kamun ƙananan kifi" fata ne. "Ba a jefa ragar da idonta bai kai kaza ba, ga samfurin a hannun kwamitin kula da wurin" ƙa'ida ce. Ƙa'ida biyar ko shida da kowa zai iya haddacewa sun fi shafi arba'in. In an hana mutum abin da yake ci da shi, a gaya masa inda zai koma. Rufe sashe ɗaya na daji ba tare da buɗe wani ba, koya wa mutane shiga da dare ne.

Hukunci ya zama hawa-hawa. Karon farko jan kunne a gaban kwamiti, na biyu tara ƙarama, na uku mai zafi ko a dakatar da mutum, sai abin ya gagara a miƙa shi ga hukuma. Tara mai tsanani tun farko ba ta aiki, domin mai gadi ba zai iya ɗora wa ɗan uwansa abin da ya san zai karya shi ba, sai ya kau da kai, daga nan kuwa ƙa'idar ta mutu. A Törbel a da, mai karɓar tara yakan riƙe rabinta a matsayin ladansa. Dabara ce mai sa gadi ya yi ƙarfi, amma ni ba na ba da shawararta inda babu rasit da littafin da kowa zai iya dubawa, don tana iya mayar da mai gadi maharbi.

A kuma tanadi inda za a kai ƙara, kusa, da sauri, ba da kuɗi mai yawa ba. A birnin Balensiya na Sifen, kotun ruwa ta manoma tana zama kowace Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin garin, wakilan magudanan ruwa takwas su saurari ƙara da baki su yanke nan take. Rigimar ruwa ba ta jiran wata uku, kafin nan shuka ta bushe. Ku sa rana tsayayya da wuri tsayayye, ku rubuta wa za a ɗaukaka ƙara gare shi.

Kuɗi

Ku yi maganar kuɗi tun ba a samu ko sisi ba. Bayan an samu, magana ba ta yiwuwa.

Zimbabuwe ta fara shirin CAMPFIRE a 1989 don mutanen karkara su amfana da namun dajin da ke cinye musu gonaki. Sai dai ikon an ba majalisun gunduma ne, ba ƙauyuka ba, kuma duk da ƙa'idar ta ce aƙalla rabin kuɗin ya isa ga jama'a, ƙorafin da ya yi ta bin shirin shi ne majalisu na riƙe fiye da rabonsu ko su jinkirta biya. Namibiya da ta zo daga baya, a dokarta ta 1996, ta ba ƙungiyoyin jama'a haƙƙin kai tsaye. Ina faɗin wannan ga ma'aikatan ƙaramar hukuma musamman, don na san halin da asusunku ke ciki, kuma na san yadda kuɗin izinin katako ko na yashi ke da daɗin toshe ramin albashi. Amma ranar da mutane suka gane suna gadi ne wani na ci, sun daina gadi.

A Nepal, inda dokar daji ta 1993 ta miƙa dazuzzuka ga ƙungiyoyin masu amfani da su, waɗanda yanzu sun haura 22,000, ƙungiya ce ke sayar da amfanin dajin ta riƙe kuɗin, da sharaɗin aƙalla kashi 25 cikin 100 ya koma kula da dajin. Ba sai kun kwafi adadin ba. Abin kwafa shi ne a rubuta kason da lamba: nawa na dajin, nawa na masu gadi, nawa na aikin gari, nawa na ƙaramar hukuma. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku daga rukuni dabam-dabam, a riƙa karanta shiga da fita da babbar murya a taron jama'a sau biyu a shekara, domin manna takarda a bango ba ya amfanar wanda ba ya karatu.

Amfani ba sai kuɗi a hannu ba. A yankunan Maraɗi da Damagaram, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka shiga barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi ya zama bishiya, har aka ƙiyasta fili kusan hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa. Dabarar ba ta da wuya. Abin da ya canza shi ne manomi ya fara ganin bishiyar tasa ce, zai yi mata sassabe ya sayar da itacen ba tare da an ci shi tara ba. A da, lokacin da kowace bishiya ta gwamnati ce, hikima ita ce ka tumɓuke ta tun tana ƙarama. Duk tsarin da za ku yi, ku tambayi kanku: wanda ya haƙura bana, me zai samu baɗi, kuma wa ya tabbatar masa?

Mayar da yarjejeniya doka

Abin da aka amince a taro a kai shi zauren majalisar ƙaramar hukuma a zartar da shi ya zama dokarta, ko a ƙalla yarjejeniya mai sa hannu da hatimi. A ciki a sa taswirar iyaka, sunayen rukunonin masu haƙƙi har da masu zuwa lokaci-lokaci, ƙa'idoji da hukuncinsu, rabon kuɗi, yadda ake zaɓen kwamiti da yadda ake sauke shi. A nemi lauya ya duba kada wani sashe ya ci karo da dokar sama, don irin wannan karon shi ne ƙofar da mai ƙarfi ke bi ya rushe komai a kotu.

Akwai shafin da ake yawan mantawa: alkawarin hukuma. Takardun da nake gani cike suke da "jama'a za su", "jama'a ba za su", babu layi ɗaya na abin da ofis ya ɗauka. A rubuta cewa ƙaramar hukuma ba za ta ba kowa izinin sara ko haƙa ko fili a cikin iyakar ba sai da sa hannun kwamiti. A rubuta cikin kwana nawa za ta amsa idan aka kawo mata wanda ya gagari kwamiti. A sa wa aikin layi a kasafin kuɗi, ko na turakun iyaka da fenti ne kawai. Na taɓa jin wani dattijo ya ce wa shugaban wata ƙaramar hukuma a wajen sa hannu: "Ranka ya daɗe, namu mun ji, mun ɗauka. To in yaranka ne suka shigo da takarda daga ofishinka, wa za mu kai wa ƙara?" Ba a sa hannu ranar ba, sai da aka ƙara sakin layi.

Sannan a fassara takardar zuwa harsunan da ake yi a wurin, a karanta a rediyo ko a dandali, a ba kowane rukuni kwafinsa. Kwafi ɗaya a ofis bai isa ba, fayil yakan yi ƙafa.

Idan babban kamfani ya zo neman wurin, a nan za a gane ko takardar na da nauyi. A Indiya, bisa dokar haƙƙin mazauna daji ta 2006, Kotun Ƙoli ta yanke a 2013 cewa tarukan ƙauyukan duwatsun Niyamgiri a jihar Odisha su ne za su faɗi ko a haƙi ma'adinin alminiyom a wurin. Ƙauyuka 12 suka zauna, duka suka ƙi, aikin ya tsaya. Ba kowace ƙasa ce ta ba da iko har haka ba. A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta tsaya ne kan wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da masu masaukinsa kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara biyar. Ko a nan, al'ummar da ke da taswira da kwamiti da jerin masu haƙƙi ta fi ƙarfin ciniki kan wadda kamfani zai zaɓi mutum uku ya kira su wakilanta.

Bibiya

Ku zaɓi abu biyu ko uku da mutanen wurin za su iya aunawa da kansu: zurfin ruwa a wata rijiya a ƙarshen rani, yawan sababbin kututture a sashen da aka rufe, adadin ƙararrakin ɓarna da aka kawo a shekara. A riƙa ɗaukar hoto daga wuri ɗaya a wata ɗaya kowace shekara. A sa ranar sake duba tsarin tun yanzu, bayan shekara ɗaya a karon farko, domin wasu ƙa'idojin za su nuna ba sa aiki, kuma shekarar fari na iya tilasta a buɗe abin da aka rufe. A rubuta wa ke da ikon buɗewa da na tsawon wane lokaci. Wa'adin kwamiti kada ya zo daidai da na zaɓen ƙaramar hukuma, don kada duk masu sanin zancen su tafi rana ɗaya. Sabuwar majalisa kuwa, a watanta na farko kwamiti ya nemi zama da ita, ya kai mata kwafin dokar da littafin kuɗi, ya kuma ɗauki sabon shugaban ya taka iyakar da ƙafarsa.